Jeren Aiki a Masana'antar Roba: Abin da Nake Rubutawa Tun Janairu

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Yau na fara zuwa masana'antar. A Sharaɗa take, kuma mun yi da mai wurin ba zan kama sunanta ba. Robobi suke yi: bokiti, baho, kofi, kwandon wanke-wanke, kujera. Injin zubi tara ne, daga ƙananan na kofi har zuwa babban na kujera, sai tebur biyu na buga fure da suna a jikin kaya. Mol kuwa, wato ƙarfen nan mai ɓari biyu da ake ɗura narkakkiyar roba a cikinsa ta fito da siffa, ya haura sittin.

Kukan Alhaji, mai masana'antar, gajere ne. Ya ce, "Injiniya, injina tara, amma duk sanda na leƙo uku suna tsaye. Kuma ba ranar da wani ba zai kira ni yana faɗa kan kayansa sun makara ba." Abin da yake so shi ne manhajar da za ta riƙa faɗin wane aiki zai hau wane inji, da ƙarfe nawa, kuma wanne ke biye da shi.

A yanzu mutum ɗaya ne ke wannan lissafin, foman ɗinsu, dattijo da ya haura shekara ashirin yana aikin roba. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Yana da baƙin allo a bakin ƙofa da littafi mai kaurin bango a aljihun rigar aiki. Da aka gabatar da ni, ya dube ni ya dubi jakar kwamfutata ya ce, "To, ɗana, Allah ya ba da sa'a." Irin Allah ya ba da sa'ar da ake yi wa wanda ya ce zai ɗebi ruwa da kwando.

Alhamis, 18 ga Janairu

Kwana goma ban rubuta layin manhaja ko ɗaya ba. Agogon waya na riƙe ina zaga injina.

Takardar ofis ta ce babban bokiti yana faɗowa duk sakan 28. Na auna a inji na huɗu na samu 34, a na shida 41, domin ruwan sanyaya mol ba ya isa can da ƙarfi. Kusan kowane kaya haka yake: lambar da ke ofis ta ranar da mol yana sabo ce. Da na ɗora lissafi a kan waɗancan lambobi, da tun ranar farko jadawalin zai yi ƙarya da awa uku ko huɗu, a ce kwamfuta ce ba ta iya ba.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne sauyi, kuma iri biyu ne. Akwai canjin mol, daga minti arba'in a ƙananan injina zuwa fiye da awa biyu a na kujera. Akwai kuma canjin kala, wanda shi ne mai ban sha'awa, saboda tafiyarsa da dawowarsa ba tsawo ɗaya ba ne. Daga fari zuwa baƙi, ka zuba ƙwayar kala kawai, cikin 'yan mintuna kaya ya fito tas. Daga baƙi zuwa fari kuwa sai ka yi ta tura roba tana wanke cikin inji, wani lokaci fiye da awa ɗaya, bokitai suna fitowa da zane-zanen toka ana jefa su gefe. Baba yana bin tsani ne: fari, ruwan ɗorawa, ruwan lemo, ja, kore, shuɗi, baƙi. Baƙi ne ƙarshe saboda wani dalili na biyu da ban sani ba sai da ya faɗa mini: duk kayan da suka lalace a wankin kala ana niƙa su a mayar cikin baƙi, inda ba a ganin aibu. Ke nan baƙi yana cin dattin sauran.

Na zana teburi a Excel, kala bakwai a tsaye, bakwai a kwance, na cike gidajen da minti. Rabi na auna da kaina, rabi daga bakin masu injin.

Asabar, 27 ga Janairu

Na yi abin da duk wanda ya taɓa zama ajin wannan darasi zai fara yi, na ɗauko dokar Johnson. A 1954 ne S. M. Johnson na cibiyar RAND a Amurka ya nuna cewa in ayyuka suna bin inji biyu a jere, akwai hanya mai sauƙi ta samun jerin da ba wanda ya fi shi saurin tashi. Ka duba duk lokutan, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. In na inji na farko ne, aikin ya tafi gaban layi, in na inji na biyu ne, ya koma ƙarshe. Ka cire shi ka maimaita.

Na gwada da oda huɗu na wannan makon, zubi sannan bugu. Kofi awa 2 da 4, ƙaramin bokiti 3 da 5, baho 6 da 5, babban bokiti 7 da 2. Dokar ta ce kofi, ƙaramin bokiti, baho, babban bokiti, a tashi a awa 20. In aka juya jerin baya, yadda odar ta shigo a littafi, sai awa 27. Na ruga wajen Baba da takarda, awa bakwai a hannuna.

Ya karanta a hankali ya ce, "Wa ya ce maka mai bugu yana jiran a gama zubin duka? Ana tara dozin goma yaro ya kwasa ya kai masa." Shi ke nan. Johnson ya ɗauka aiki dunƙule ne, ba ya motsawa sai an gama shi ɗungurungum. A nan kuwa kaya kwarara suke yi, saboda haka teburin bugu bai taɓa zaman awa bakwai yana jira ba sai a takardata. Dokar gaskiya ce, masana'antar ce ba tata ba.

Na koma gida na sake tunanin girman abin. Aiki 12 a inji ɗaya ana iya jera su hanya 479,001,600. Aiki 20 kuwa, ko da kwamfuta tana gwada jeri biliyan ɗaya a sakan, sai ta yi kusan shekara 77 kafin ta gama. Mu muna da oda wajen arba'in a mako a kan inji tara waɗanda ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kuma tun 1976 Garey da Johnson da Sethi suka tabbatar cewa da zarar injinan da ke jere sun kai uku, matsalar ta shiga sahun waɗanda har yau ba wanda ya samo musu gajeriyar hanya tabbatacciya. Wannan Johnson ɗin David ne, ba wancan na farko ba. Akwai wani misali da Fisher da Thompson suka fitar a 1963, aiki goma a inji goma kacal, wanda sai a 1989 Carlier da Pinson suka buga hujjar cewa 930 ce amsarsa mafi kyau. Shekara 26 a kan abin da zai shiga rabin shafi. Wannan ya kwantar mini da hankali ta wani fanni: ba mafi kyawun jeri a duniya nake nema ba, wanda ya fi na allo nake nema, kuma ya fito kafin a gama shan shayin safe.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Zaman yau ya fi duk wani lissafi da na yi amfani. Na tara Alhaji da Baba da mai kula da ciniki na yi musu tambaya ɗaya: jeri mai kyau, mene ne shi? Amsa uku na samu. Alhaji, kada inji ya tsaya. Baba, kada a yawaita sauke mol da wankin kala. Mai ciniki, kada a kira shi a zage shi. Ukun nan kuwa gaba suke da juna. In kana son rage wankin kala sai ka tara duk jan kaya ka yi su tare, wanda odarsa shuɗi ce ya jira. In kana son kowa ya samu a kan kari, sai ka yi ta tsalle daga kala zuwa kala.

Littafi yana da doka ga kowane buri, muddin inji ɗaya ne. Jackson a 1955 ya nuna in kana son rage makara mafi muni, ka fara da wanda wa'adinsa ya fi kusa. Smith a 1956 ya nuna in kana son rage zaman jiran jama'a gaba ɗaya, ka fara da gajerun ayyuka, ko ka raba muhimmancin kowane aiki da tsawonsa ka bi mafi girma. Moore a 1968 ya kawo ta rage yawan odar da za ta makara: ka jera bisa wa'adi, duk sanda wani ya makara ka cire aiki mafi tsawo cikin waɗanda ka riga ka jera, ka jefa shi ƙarshe. Da na bayyana wannan, Alhaji ya yi dariya har da buga tebur. Aiki mafi tsawo ai na babban dilansa ne na Ƙofar Wambai, mutumin da ke biya tun kafin a loda. "Shi za ka jefa ƙarshe? To ka haɗa da ni."

Daga nan ne muka gano makara iri biyu ce. Dila in kayansa sun yi lattin kwana ɗaya zai yi ƙorafi ya karɓa, asarar tana ƙaruwa ne a hankali. Amma yanzu lokacin bukukuwa ne, kowa yana son a ɗaura kafin azumi, kuma kusan rabin aikin teburin bugu robobin rabon biki ne masu sunan ango da amarya. Wannan in ya wuce ranar kamu ko walima ya zama shara, ba mai sayen bokiti da sunan auren wani. Saboda haka na sa wa oda tara, wato kuɗin hukuncin makara, iri biyu: ta dila tana hawa da kowace awa, ta biki kuwa katanga ce, ko ka tsaya bayanta ko ka faɗa. Minti na wankin kala da na canjin mol su ma na mayar da su naira, don komai ya hau ma'auni ɗaya. Sai da muka yi awa biyu ana ja-in-ja kan nawa ne kuɗin ɓacin ran dila.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Manhaja ta farko ta tashi, da harshen kwamfuta na Python na rubuta ta. Tana fara jeri da dokar wa'adi mafi kusa, sannan ta yi ta gyara: ta ɗauki aiki ɗaya ta canja masa wuri ko inji, ko ta musanya biyu, ta duba ko tara ta ragu. In ka tsaya ga karɓar gyaran da ya rage tara kaɗai, da wuri za ka maƙale, kamar mai neman wuri mafi zurfi a fili da ya faɗa ƙaramin rami ya ɗauka rijiya ce. Maganin da na ɗauka shi ne dabarar da Kirkpatrick da abokan aikinsa biyu na IBM suka buga a 1983, wadda suka aro daga yadda ake barin ƙarfe ya huce a hankali. Da farko, ana cikin zafi, manhajar tana yarda ta karɓi gyaran da ya ɓata lissafi don ta fita daga rami. Tana hucewa tana ƙara tsauri, har ta daina karɓar komai sai ragi. Duk maƙeri ya san abin da ke faruwa da ƙarfen da aka tsoma a ruwa da gaggawa.

A kan odar makon jiya, ta fitar da jerin da ya rage sauyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan abin da aka yi da allo. Na roƙi a gwada jiya Alhamis, Alhaji ya amince.

Kafin azahar komai ya wargaje. Jadawalina ya sa canjin mol a inji na biyu da na biyar da na takwas duk da ƙarfe goma na safe. Ƙugiyar sarƙa da ake ɗaga mol da ita guda ɗaya ce a duk ginin, masu ɗaura mol kuma mutum biyu ne da ke aiki tare. Inji biyu suka zauna da zafinsu suna kallon na uku. Na yi wata guda ina wucewa ƙarƙashin ƙugiyar nan, ban taɓa ƙirga ta a cikin injina ba. Baba bai ce komai ba, ya ɗauki allinsa ya gyara ranar cikin minti biyar. Da yamma na tambaye shi me ya sa bai gaya mini ba. Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba, ɗana. Kuma ni ban san abin faɗa ba ne, kamar in ce maka ƙofa ake bi a shiga."

Tun daga jiya na canja salon tambaya. Ba na cewa mene ne sharuɗɗanku. Ina nuna masa jeri ne in ce, Baba, me zai hana wannan? Da haka na samo huɗu: mol ɗin baho biyu ba sa shiga inji na uku ko da ƙarfinsa ya kai, saboda tazarar sandunansa, masu dare ba sa canjin mol na kujera, ranar Juma'a daga sha biyu da rabi zuwa biyu da rabi ba a fara sabon aiki, farin kaya kuma ba ya hawa inji na bakwai kwata-kwata, cikinsa ya tsufa yana riƙe datti.

Talata, 27 ga Fabrairu

Sharuɗɗan sun yi wa manhajata yawa. Kowane sabo sai na yi faci, facin kuma ya ɓalle wani wuri. Na koma CP-SAT, wani shiryayyen tsarin kwamfuta na warware irin wannan lissafi, wanda ke cikin OR-Tools na Google, kyauta ne. A nan ba kai ke koya wa kwamfuta yadda za ta nema ba, kana faɗa mata abin da ya halatta ne da abin da kake son ragewa. Kowane aiki zango ne mai farko da ƙarshe. A inji ɗaya zango biyu ba sa haɗuwa. Canjin mol shi ma zango ne, kuma duk canje-canjen ginin na ɗora su a kan ƙugiya ɗaya, ba sa haɗuwa. Bin kala kuwa na rubuta shi a matsayin zagaye, kamar ɗan kasuwar da zai bi garuruwa ya dawo gida da mafi ƙarancin tafiya, sai dai garuruwan nan ayyuka ne, nisan kuma minti na wanki.

Gwajin farko ya yi awa ɗaya bai kawo abin kirki ba. Gyara biyu suka cece ni. Na daina ƙirga lokaci da sakan, na koma gutsuren minti biyar. Sannan na ba shi jerin tsohuwar manhaja ya fara daga kai maimakon ya fara daga sifili. Yanzu cikin minti uku yana ba da jeri mai kyau a kwamfutar tafi-da-gidanka. Abin da na fi so a wurinsa, yana faɗin iyakar da lissafi ya tabbatar ba za a sauka ƙasa da ita ba, sai ka san ko saura ƙiris ko da sauran tafiya. A wurinmu ratar tana da faɗi har yanzu, kuma ina zargin iyakar ce mai rauni, ba jerin ba.

Wani yaro mai koyon aiki ya tambaye ni ma'anar algoridim. Na ce masa sunan mutum ne, Al-Khwarizmi, malamin lissafi a Bagadaza a ƙarni na tara, Turawa suka lanƙwasa sunan. Ya ce ashe abin namu ne. Na ce to ka zo ka taya ni auna inji na shida.

Alhamis, 29 ga Fabrairu

An tafi kwana biyu cur a kan jadawalin kwamfuta, ba a taɓa alli ba. Odar biki shida duk sun fita kafin ranarsu. Mol ɗin kofi ya tsage da daddare, wannan kuma ba laifin kowa ba ne.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi huɗu yau. Mun gyara lokutan aiki, masu rana suna tashi da wuri, an kuma matsar da canjin manyan mol zuwa bayan asuba, kafin rana ta yi zafi a ƙarƙashin kwano. A manhaja wannan canjin lamba biyu ne kawai.

Matsalar da ta taso daban ce, kuma ita ce mafi girma tun da na fara. Jiya aka sanar da buɗe iyakar Nijar bayan rufewar da aka yi tun bara, dilolin Maraɗi da Damagaram suka fara kira tun kafin mota ta fara wucewa. Ga kuma odar kayan sallah. Duk odar da ta shigo ina sake kunna lissafi, shi kuma ba ruwansa, in ya ga zai rage tara da naira dubu biyu sai ya birkita jerin kwana uku. Ranar Talata an fitar da jadawali sau huɗu. Yara sun jawo mol ɗin kwando sun ajiye gaban inji, sun auna kala sun haɗa da roba, sai sabuwar takarda ta ce baho ne. Baba ya same ni a ofis, karo na farko da na ga ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ɗana, mutanen nan da ƙishirwa suke jan ƙarfe. Takardar safe daban, ta hantsi daban. Gara mini jeri mai ɗan aibu da zai kwana, da mai kyau da ba ya kai azahar."

Na yi ta juya maganar a hanya. A lissafina canja takarda kyauta ne, a ƙasa kuwa yana da kuɗi: jan mol, haɗa kala, da kuma yardar mutane, wadda in ta zube za su koma allo ba tare da sun sanar da kowa ba. Na yi gyara uku. Awa 24 na gaba a daskare suke, ba mai taɓa su sai in inji ya lalace ko Alhaji da kansa ya sa hannu. Bayan su, duk aikin da sabon jeri ya ɗauke daga injinsa ko ya matsar da shi da nisa, akwai tara a kansa, saboda haka sai ribar ta fi tarar kafin ya motsa. Sannan sau ɗaya ake lissafi a rana, bayan la'asar, a tura hoton jadawalin a WhatsApp na ma'aikata, a manna kwafi a jikin allon Baba. A takarda sakamakon ya ɗan fi na da muni. Na yarda da hakan.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Jiya NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki, ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka ce za su riƙa samun aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, fiye da ninki uku. Layin masana'antar yana ciki. Alhaji ya kira ni tun kafin in fito daga gida yana tambaya ko kwamfuta za ta iya mayar da aiki lokacin da wuta ta fi araha. Na ce masa kuɗin ɗaya ne dare da rana, babu wannan ƙofar.

Ƙofar da ke akwai ita ce zaman banza da zafi. Injin da ke jiran ƙugiya ko jiran aiki, in ba a kashe masu ɗumama cikinsa ba wuta yake sha, in an kashe kuma sai an ɗauki lokaci kafin roba ta sake narkewa. Da can ban sa wa wannan jiran kuɗi ba, yanzu na sa. Sakamakon ya ba ni mamaki: a kwanakin da oda ba ta cika ba, lissafi ya gwammace a kashe inji biyu gaba ɗaya a cusa aikin cikin bakwai. Alhaji, wanda ya ɗauko ni don kada ya ga inji a tsaye, sai da na zana masa kuɗin a takarda sau biyu. Ya ce zai yi shawara bayan sallah.

Na kuma ƙara sharaɗin janareta. In aka koma kansa ba ya ɗaukar injin kujera da manyan biyu a lokaci guda, saboda haka yanzu kullum ana fitar da jadawali na biyu, na ranar da babu wuta, yana ajiye a aljihun Baba.

Litinin, 22 ga Afrilu

Bayan hutun sallah na zauna na duba makonni shida na baya. Abin da ya fito fili, ƙugiya ce ke riƙe da wuyan masana'antar, ba wani inji ba. Na yi gwaji a kwamfuta: in na bar lissafi ya yi awa ɗaya maimakon minti uku, ribar ba ta taka kara ta karya ba. In kuwa na rage kowane canjin mol da minti goma sha biyar, ribar ta ninka wancan sau da yawa. Ke nan ƙarin wayon lissafi ya kusa ƙarewa, sauran aikin yana hannun masu sifana.

Wannan tsohon darasi ne daga Japan. Shigeo Shingo, wanda ya yi aiki da Toyota, ya raba canjin mol gida biyu: abin da dole sai inji ya tsaya, da abin da za a iya gamawa yana kan aiki. Burinsa a sauko ƙasa da minti goma. Mu ba ma kusa da nan, amma na tsaya na kalli canji uku da agogo, na ga kusan minti ashirin suna tafiya a neman kusoshi da tiyon ruwa da sifanar da wani ya ara. Tun da jadawalin awa 24 ba ya canjawa yanzu, masu ɗaura mol sun san na gaba tun jiya. Baba ya sa an haɗa musu amalanke mai ɗauke da kayan canji, ana tura shi gaban inji kafin a kashe. Shawararsa ce, ba tawa ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Inda aka tsaya. Jadawalin yana fita kullum bayan la'asar, kuma mai ciniki ne ke kunna shi yanzu, ni sai in an kira. Baba yana gyara abu ɗaya ko biyu da biro kusan kowace rana. Na roƙe shi ya riƙa rubuta dalili a gefe, ina tattarawa duk Asabar. Ga uku daga cikin na wannan makon: ɗaya sharaɗi ne da ban sani ba, jan kala na wani kamfani yana da wuyar wankuwa fiye da na ɗayan, ɗaya alfarma ce ga wani tsohon abokin ciniki, na ukun ya rubuta "haka nan", kuma da na bi lissafin nasa ya fi nawa da minti ashirin da biyar. Ban gano dalili ba tukuna.

Alhaji ya yarda a gwada kashe inji na bakwai da na uku ranakun Litinin da Talata na mako biyu, a duba mita. Ya kuma sa a tambayo kuɗin ƙugiya ta biyu.

Saura teburin bugu, wanda har yanzu nake ɗauka kamar yana karɓar duk abin da aka kai masa, alhali da bukukuwa suka dawo bayan sallah kaya sun fara taruwa a gabansa. Dole in shigar da shi lissafi da tafiyar dozin goma-goma, kuma hakan zai ninka yawan zangunan da CP-SAT zai jera. Ranar Litinin zan fara auna shi, ƙarfe bakwai, kafin mai haɗa fenti ya iso.